Sharhi kan salon haruffan Noto Sans Mende Kikakui

Al'ummar Mende ta ƙasar Saliyo tana da rubutunta na gargajiya mai suna Kikakui, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Mohammed Turay da almajirinsa Kisimi Kamara a farkon ƙarni na 20. Kowace alama gaɓa ɗaya take wakilta, kuma daga dama zuwa hagu ake rubuta shi kamar ajami. A shekarar 2014 tsarin Unicode, wanda ke bai wa kowace alamar rubutu lambarta a kwamfuta, ya karɓe shi a bugu na 7.0, bisa shawarar da Michael Everson da Konrad Tuchscherer suka gabatar, aka ware masa gurbi daga U+1E800 zuwa U+1E8DF. Sai dai bai wa alama lamba ba ya sa ta fito a fuskar kwamfuta sai an zana siffarta, kuma wannan aiki ne salon haruffan Noto Sans Mende Kikakui na kamfanin Google ya ɗauka.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne cikarsa, domin ya ƙunshi dukkan alamomi 213 da ke cikin gurbin, wato gaɓoɓi 197 da alƙaluma 9 daga ɗaya zuwa tara, da kuma alamomi 7 da ake haɗawa da alƙaluman don nuna goma ko ɗari ko dubu, tun da wannan lissafin ba shi da sifiri. Zanen yana da tsabta, ɗigogin da ke bambanta alamomin gaɓoɓin ki da ka da ku kuwa suna fitowa sarai idan an ba rubutun girma madaidaici, ko da yake a ƙaramin rubutu suna neman cakuɗewa. Kyauta ake sauke shi, lasisinsa kuma ya halatta a yi amfani da shi a littafi ko a shafin intanet.

Raunin yana wajen aiki da shi. Ba ya zuwa da allon buga rubutu, don haka mai son rubuta gaɓa ɗaya sai ya nemi wata manhaja ko ya kwafo alamar daga jadawali. Idan kuma wanda aka aika wa saƙon bai ɗora shi a na'urarsa ba, akwatuna kawai zai gani, matsalar da muka sha fama da ita kan ɓ da ɗ da ƙ. Ina ba masu bincike da masu adana tsofaffin takardun Mende shawarar su ɗora shi, amma su riƙa mayar da aikinsu PDF kafin su tura wa kowa.