Fulogi ya fice daga injin Corolla ta, ga yadda muka kwashe da garejin da ya gyara

Wallahi da na ga ramin fulogin nan na ɗauka top silinda, wato kan injin, ta tafi kenan, kuma kun san kuɗin ta Beljiyam a yanzu ba sai na faɗa ba. Motar ta jima tana wani ƙara cak cak cak daga cikin bonet, tana misin idan na tsaya a goslo, ga ɗan warin fetur, duk wanda na tambaya sai ya ce salansa ce ke yoyo. Ashe fulogi ne ya kwance yana rawa a raminsa tun sabis ɗin da aka yi min a wani wuri, har ranar da ya yi tsalle ya fito a hanyar Zariya da ƙara kamar an harba bindiga, ya fasa kwayil ɗin da ke kansa, wato abin da ke ba shi wuta.

Wani abokin aiki ne ya kai ni wannan garejin, kuma gaskiya ogan ya san aikinsa. Ya haska ramin da tocila ya ce Alhaji zo ka gani, tiredin, wato zaren ramin da fulogi ke murɗawa a ciki, duk ya cinye, garin alminiyam na ƙyalli a ciki. Ya ce kan injin nan alminiyam ne, fulogi kuma ƙarfe, idan ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba wosharsa ba ta matsewa, zafi da girgiza su riƙa sassauta shi yana cin tiredin a hankali. Idan kuma yaro ya danne sifana da ƙarfin tsiya, ko ya ɗaure shi alhali inji yana da zafi, nan ma ɓarna ce. Bai ce in sayi wani kai ba. Ya shafa giris a jikin abin yanka tiredi saboda ya kama garin ƙarfen kar ya zuba cikin silinda, ya yanka sabo, ya saka insat, wato ɗan ƙarfe mai tiredi da fulogi zai zauna a ciki, ya busa da iska. Sauran fulogi ukun ma ya duba, ɗaya da hannu kawai ya juya! Da zai mayar sai da ya fara murzawa da yatsu har suka zauna, sannan ya ɗauko sifana mai awo ya saita ƙarfin ɗauri a 25 Nm, ni dai ban taɓa ganin irinta a hannun bakaniken unguwa ba.

Amma fa akwai abin da ya ɓata min rai kuma har yanzu yana cina. An ce in zo da safe, ba a taɓa motar ba sai bayan la'asar, ina zaune a benci a rana ba wanda ya ce min ko sannu. Kuɗin da muka yi magana daban, wanda aka ce in biya daban, wai ba a saka kuɗin insat a lissafin farko ba, to me ya hana a faɗa min tun farko? Yaransa kuma sun bar min baƙin mai a sitiyari da kujera, kwayil ɗin da suka sayo ma ba rasit.

Motar dai ta daina misin, ƙaran ya ɗauke, tana ja lafiya. Idan aikin tiredi ne ku je, amma ku yi ciniki ya ƙare da kuɗin kaya a ciki kafin a buɗe bonet, kuma ku ce ogan da kansa kuke so ya ɗaure, ba yaran ba.