Ranar da na nemi mai faci a Holan

Ranar Lahadin makon jiya na tura keke da ƙafa wajen kilomita biyar a bakin tekun Holan, tayar baya a kwance, kuma tun daga inda iska ta fita har na shiga gari babu wanda nake tunawa sai Baba mai faci na bakin layinmu a Kano. Shekara uku ke nan rabona da gida. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka, na yi kewar kiran asuba daga masallatai goma a lokaci guda, amma ban taɓa zaton kewar mai faci za ta kama ni har ta hana ni barci ba.

A Leiden nake zaune, ina aikin shirya furanni cikin kwali a wani sito da ke Rijnsburg. Lahadi kaɗai nake da ita, kuma wani abokin aikina ɗan Zangon Kumasi, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni daɗin ji, shi ya koya mini in riƙa kashe ta a kan keke maimakon zaman ɗaki da waya. Na sayi na hannu, baƙi, mai kariya a baya irin na iyayenmu. Daga ƙofar gidana, minti ashirin ya isa ka bar hayaniyar gari ka shiga wani irin wuri da ban san sunan da zan ba shi ba, bai kai ƙauye ba kuma ya fita daga birni. Ga makiyaya shimfiɗe kamar tabarma, shanu masu dabbare-dabbaren fari da baƙi suna kiwo babu makiyayi, magudanan ruwa ne shingensu. Can ka wuce gidan gona, a bakin ƙofa an ajiye ɗan akwatin katako da ƙwai da dankali, an rubuta farashi, ga gwangwanin zuba kuɗi, babu kowa a wurin. Ranar farko da na gani sai da na tsaya na daɗe ina kallo.

Hanyar keke kuwa tata ce ita kaɗai. A wurare da yawa jar kwalta ce, an raba ta da titin mota da ciyawa ko jerin itatuwa, sumul, babu rami ko ɗaya da zai sa ka miƙe daga sirdi. Abin da ya fi burge ni shi ne lambobi. Kowace mahaɗa tana da lambarta a wani ƙaramin allo fari da kore, tare da kibiya mai nuna lambobin da ke gaba, a manyan mahaɗu kuma har da taswira. Kafin ka fita sai ka jera lambobin da kake so a takarda, ka manna a kan keke, shi ke nan, ba ka buƙatar tambayar kowa. Wani injiniyan haƙar ma'adinai, Hugo Bollen, shi ya ƙirƙiro tsarin a lardin Limburg na Beljiyam, aka fara amfani da shi a 1995, sannan Holan ta ɗauka ta baza a ƙasa baki ɗaya. Ko wanda bai iya harshensu ba, in dai ya san ƙidaya, ba zai ɓata ba.

A ranar na bi ta Wassenaar na shiga jigayin da ke kare ƙasar daga teku. Wanda ya san tuddan rairayin Yusufari zai gane su, sai dai waɗannan ciyawa da ƙaya sun lulluɓe su, iska kuma da ɗanɗanon gishiri. Mota ba ta bin hanyar keken. A tsakiyarsu akwai tafkuna da ake turo wa ruwan kogi ya tace ta cikin yashi, shi ne ruwan famfon da mutanen yankin ke sha. Hanyar tana hawa tana gangara, ka ji ƙugin teku a hagunka ba ka ganinsa, sai can ka hau wani tudu ya bayyana gaba ɗaya, toka-toka, har iyakar ganinka. Wani yanki ne na doguwar hanyar keke da ta bi gaɓar ƙasar tun daga iyakar Beljiyam har ta Jamus. Ina cikin wannan daɗi, na baro Wassenaarse Slag, mashigar bakin teku ta Wassenaar, na nufi garin Katwijk, sai na ji keken ya yi nauyi, baya yana lilo. Akwai wata ƙaya a jigayin mai 'ya'ya ruwan lemo, tsininta ya fi na tsidau. Ita ce ta shige taya har gindi.

Abin da jikina ya fara yi shi ne ɗaga kai in nemi bishiyar da aka rataye wa tsohuwar taya. Babu. Babu rumfa, babu benci, babu yaro da famfo. Sai kyakkyawar hanya da allo mai gaya mini saura kilomita nawa.

Na kama turawa. Mutane sun wuce ni sun fi ɗari: tsofaffi mata da miji a kan kekuna masu batir, iyaye da yara a cikin akwatin gaba, da 'yan tsere cikin matsattsun kaya masu zuwa a jere kamar fara. Waɗannan na ƙarshe su suka fi ɓata mini rai. Ba sa buga ƙararrawa, tsawa suke yi daga nesa ka kauce, ɗaya har ya juyo yana nuna mini gefen da ya kamata in bi. Laifinsu ne ko tarbiyyar wurin ce, oho, amma babu wanda ya ce sannu. A gida ko akuyarka ce ta ƙi tafiya sai mutum uku sun tsaya sun ba ka shawara. Wani dattijo ne kaɗai ya taka birki, ya ciro ɗan famfo daga jakarsa, muka buga, iska ta fita kafin ya mayar da murfin bawul. Ya tambaye ni ina kayan facina. Na ce ba ni da su. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, kamar wanda aka ce masa an tafi gona babu fartanya, ya yi mini fatan alheri ya wuce.

Na isa Katwijk ƙafata tana zafi. Garin masunta ne na asali, masu riƙo da addininsu, Lahadi kuma ranar coci ce, ga farar cocinsu nan a bakin teku. Shagon gyaran keken da na samu a rufe, na biyu ma haka. Bas ba ta ɗaukar keke sai irin wanda ake naɗewa. Dole na ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙarfe na bar shi ya kwana, zuciyata a kansa, domin satar keke a ƙasar nan ba ƙarama ba ce, kowa na da labarin nasa da aka ɗauke. Litinin bayan an tashi aiki na koma, na tarar da shi, na tura shi shago. Saurayin da ke ciki ya karɓe ni da fara'a, ya duba kwamfuta, ya ce in dawo Alhamis. Na ce masa faci ne kawai, aikin minti goma. Ya ce su ba sa faci, sabon tub suke sakawa, kuma akwai kekuna a gabana. Alhamis na biya Yuro 27, aka ba ni rasit. Ku buga da canjin yau ku gani.

Kwana huɗu ina zuwa aiki a bas, kwana huɗu Baba mai faci yana tsaye a idona. Ƙarƙashin dalbejiya yake zama, da tsohon daro na ruwan da ya koma baƙi, da famfo mai igiyar roba da aka ɗaure da tsumma. Ba ya cire ƙafar keke. Ya kwantar da shi, ya zura cokulansa biyu, ya zaro tub kamar hanji, ya buga iska, ya bi da shi cikin daro a hankali har kumfa ta tona asirin hudar. Ya soka tsinken ashana a wurin, ya goge da gefen riga, ya kankare da sanfefa, ya lakato sholisho da ɗan yatsa ya shafa, ya hura, ya jira. Wannan jiran shi ne sana'ar, yaransa masu gaggawa facinsu ba ya kwana. Sannan ya yanko faci daga tsohon tub da almakashi, ya ɗora, ya daddanna da gindin sukundireba. Kafin ya mayar sai ya zagaya cikin taya da yatsunsa har ya ciro ƙayar ya nuna maka a tafin hannu. Ina ɗan firamare, in na kawo keken mahaifina babu kuɗi, cewa yake, "Tafi, yaro, ka gaida Malam, ka ce ya aiko in ya samu." Bai taɓa rubutawa ba.

Mu kuma me muke yi masa? Mu tsaya a kansa muna taya kuɗin faci kamar muna cinikin sa. Mu ce ya yi sauri. Wanda ya sayi babur ya daina gaishe shi, wanda ya sayi mota ya watsa masa ruwan kwata ya wuce. In ɗansa ya zo neman aure a tambayi sana'ar uban a taɓe baki. A nan mai gyaran keke makaranta ya je ya koyo, yana da takarda, yana da ranar hutu, kai ne za ka jira shi. Na ji haushin jiran, har yanzu ina jin zafin kuɗin, amma da na natsu na ga ba su ne suka tsawwala ba. Mu ne muka mayar da gwanin hannu ba a bakin komai ba don yana kusa kuma yana da kunya.

Shi kansa keken haka muka yi masa. A ƙasar nan kekuna sun fi mutane yawa, sama da miliyan 20, kuma Mark Rutte, wanda ya riƙe firaminista daga 2010 zuwa 2024, a keke aka saba ganinsa yana zuwa ofis. Kada ku ɗauka haka aka halicce su. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a haɗarin hanya a Holan, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito titi da taken a daina kashe yara, sannan a 1973 Larabawa suka rufe musu mai har gwamnati ta hana mota fita ranakun Lahadi. Daga nan aka ƙara ƙaimi wajen ware wa keke hanyarsa, aka kuma ɗora wa mai mota nauyin diyya in ya buge mai keke, musamman yaron da bai kai shekara 14 ba. Shi ya sa a wani shataletale da ke hanyar aikina tankar madara take tsaya mini cak, direban ya ɗaga hannu in wuce. Watannin farko ƙafata ba ta yarda, sai in sauka in jira, domin ta saba da titin Zariya inda mai keke shi ne na ƙarshe a layin masu rai.

A wajenmu Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri, ya yi ta kiran mutane su koma keke, a 2001 bas ta ture shi cikin kwata a Abuja, aka mayar da abin na dariya. Ba a tambayi dalilin da ya sa babu inda mai keke zai bi ba. Mutanen Maiduguri sun rungumi keke tun da aka hana babur a 2011, bayan cire tallafin mai a 2023 kuma malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da yawa sun kakkaɓe nasu sun fito da su. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tasu. Hanyar Kano zuwa Kura ko Dawakin Tofa da sassafe lokacin kaka, gero ya sunkuya, ba ta gaza wadda nake bi a nan kyau ba. Masu kekuna suna nan, da tulunan nono da buhunan albasa a kariya, suna bin bakin kwalta inda ta gutsure, tirela na hura musu iska a kunne. Ana faɗaɗa titi, ana gina gadar sama, babu mai tuna musu da ko taku uku na gefe.

Da na ba abokina na Kumasi labari, washegari ya zo mini da ɗan gwangwani mai faci shida, da sholisho, da sanfefa, da cokula uku na roba. Ya ce, "Ɗan'uwa, a nan kowa mai facin kansa ne." Tsohon tub ɗin da na ce a ba ni a shago na ɗauko daren Juma'a, na tara ruwa a robar wanke-wanke, na bi da shi a hankali har kumfa ta taso. Na shafa, na hura, na jira yadda na ga Baba yana jira. Ya kwana da iska.

Na kira ƙanena na ce ya je ƙarƙashin dalbejiyar nan ya dubo mini ko yana nan. Ya ce yana nan, sai dai ido ya yi rauni, jikansa ne ke riƙe da daron, shi yana zaune a benci yana nuna masa. Na tura abin da ya sawwaƙa na ce a kai masa, a ce daga ɗan Malam ne mai baƙin Raleigh, kuɗin facin da ba a aiko ba.