Injin wanki a Birnin Kebbi: mai taima ko mai fanel?

Kafin a yi maganar launi ko sunan kamfani, mai sayen injin wanki ya fara tambayar abu ɗaya: mene ne ke ba injin umarni? Duk injin wanki aiki huɗu yake yi, ya ɗibi ruwa, ya cuɗa kaya, ya zubar da ruwan, ya matse. Bambancin shi ne wanda ke yanke lokacin kowane aiki. A wani injin taima ce ta murɗawa da hannun mai wanki, a wani kuma fanel ne na lantarki, wato allo mai maɓallai da ƙwaƙwalwa. Duk wanda ke zaune a Gesse ko Badariya ko Bayan Kara ya san yadda wuta da ruwan famfo suke, kuma a kan wannan ya kamata a ɗora zaɓi.

Mai baho biyu, wato mai taima, shi ne na wanda ba ya son ciwon kai. Baho ɗaya na wanki, ɗaya na matsa, kowanne da motonsa. A samansa akwai abin murɗawa uku ko huɗu. Taimar wanki tana kai minti 15, ta matsa minti 5. Cikin taimar babu wata ƙwaƙwalwa, sifirin ne da ƙananan haƙora irin na agogon da ake murɗawa. Idan ka murɗa, wani ɗan faifai mai tudu da kwari yana juyawa a hankali yana haɗa waya yana rabawa, shi ya sa faifan da ke ƙasan baho ke juyawa dama na 'yan daƙiƙu, ya tsaya, ya koma hagu. Idan aka zaɓi wanki mai laushi, juyin ne ke raguwa, tsayawar ta ƙaru. Abin murɗawa na uku yana jan wata igiya da ke ɗaga robar da ta toshe mafitar ruwa. Babu famfon tura ruwa a yawancinsu, gangara ce ke fitar da shi, don haka dole mesar ta kwanta ƙasa. Wanda ya rataye ta a bango zai yi ta jiran ruwan da ba zai sauka ba.

Amfanin wannan sauƙin a fili yake. Ruwa kai ne ke zuba shi da bokiti, ko na burtsatse ne ko na mai kura, injin bai damu da ƙarfinsa ba. Mai kilo 7 zuwa 8 yana cika da kamar jarka biyu ta lita 25, ko sama da haka kaɗan. Gaskiya ne idan aka haɗa da ɗauraya yana shan ruwa fiye da mai ƙofar gaba, amma uwargidan da ta iya aiki takan fara da fararen kaya, ta kwashe su zuwa bahon matsa, ta zuba masu launi a ruwan kumfar nan, ta ƙare da tsummoki. Da wuya injin mai sarrafa kansa ya bari a yi haka, shi da ya gama sai ya zubar. Ta fuskar wuta kuma, moton wanki yakan ci tsakanin wat 300 zuwa 500 gwargwadon girma, na matsa ƙasa da haka. Janareto matsakaici ko inbata mai kyau zai ɗauka, sai dai a bar masa sarari, domin moto yana fizgar ninkin abin da aka rubuta a daidai lokacin tashi, kuma wannan moton tashi yake yi duk bayan 'yan daƙiƙu.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, taimar za ta ci gaba da tafiya ita kaɗai har ta kai sifili, tunda sifirin ke jan ta. Wuta ta dawo, ka sake murɗawa, shi ke nan. Haɗarin da ke akwai shi ne wuta marar ƙarfi. Za ka ji moto yana gurnani bai juya ba, to a kashe nan take, domin minti kaɗan ya isa ya ƙona koyil, wato wayar da aka naɗe cikin moto. Idan wutar lafiya lau take amma gurnanin bai daina ba, kuma ka tura faifan da hannu bayan ka cire soket ka ji babu abin da ya riƙe shi, yawanci kafasita ce ta mutu. Duk mai gyaran fanka da firji a Jega ko Argungu ko Yawuri zai iya canza ta, muddin ya sa mai lamba iri ɗaya da ta jikin tsohuwar. Bel idan ya saki, moto zai yi ta gudu faifai na jan ƙafa. Ruwa idan yana zurarewa da kansa, a buɗe gidan robar mafita, galibi tsinken sakace ne ko maɓallin riga ya maƙale.

Bahon matsa shi ne inda mutane ke kashe injinsu. Yana gudu sama da juyi 1,000 a minti, kuma ƙarfinsa bai kai na bahon wanki ba, sau da yawa kilo biyu ko uku ne tsakaninsu. A jera kaya masu nauyi a ƙasa, a danna su, a ɗora faifan robar nan da ke zuwa da injin, sannan a rufe. Idan ya fara dukan gefe, a buɗe a sake jerawa. Shadda minti ɗaya ya ishe ta, in an wuce haka mai guga ne zai sha wahala. Babbar riga mai aiki a juya ta bai-bai a yi mata wanki mai laushi na minti biyar, leshi mai duwatsu a sa a jakar raga, a ɗaure zariyar wando, hula kuwa ko kusa.

Mai sarrafa kansa da ake zuba wa kaya ta sama ya haɗa shan ruwan mai baho biyu da laulayin fanel, ban ga dalilin sayensa a nan ba.

Mai ƙofar gaba ya fi kowa iya wanki da tattalin ruwa, lita 50 zuwa 60 kan ishe shi zagaye guda, kuma ba ya cin yadi. Matsalar ita ce sharuɗɗansa. Fanel ne ke buɗe bawul na lantarki ruwa ya shiga, wata siririyar mesa ta iska ke shaida masa cewa ruwa ya kai, wata na'urar ta auna zafi, ƙofa ta kulle kanta. Bawul ɗin yana son ruwa mai ƙarfi, yawancin kamfanoni suna rubuta rabin ba (bar, ma'aunin ƙarfin ruwa) a matsayin mafi ƙaranci, wato tanki mai tsayin kamar mita 5 sama da injin. Tankin da ke kan ɗan dakali ba zai yi ba sai an ƙara famfon turi. In ruwa bai shiga kan lokaci ba, LG zai nuna IE, Samsung ya nuna 4E ko 4C, ya tsaya. Yashin burtsatse yana toshe ɗan matacin bakin bawul, sai a riƙa cire shi ana wankewa. Hitar cikinsa tana cin wajen wat 2,000, kuma wankin auduga kan kai awa biyu ko fiye. In wuta ta tafi a tsakiya, kayanka na ciki da ruwansu, sai ka tsiyaye ta ƙaramar ƙofar ƙasa kafin ka buɗe. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona fanel, kuɗin sabo na iya sa ka tuna mai wanki da guga. Wanda ke da sola mai ƙarfi, da tanki a sama, da sitabilaiza, ya saya, zai ji daɗinsa. Ya dai tabbata an kwance kusoshin da ke riƙe gangar ta baya kafin wankin farko, in ba haka ba injin zai yi ta tsalle har ya lalata kansa.

Sauƙin mai baho biyu shi ne kuma ya sa ya fi sauƙin ha'inci, a nan ake buƙatar buɗe ido. Jikinsa roba ce, suna kuwa sitika ce, kowa na iya bugawa. Sunayen da aka sani a kasuwar Najeriya irin su LG, Hisense, Haier Thermocool, Midea, Scanfrost da Nexus duk ana iya manna su a kan injin da kamfanin bai san da shi ba, wani lokaci ma da harafi ɗaya aka sauya. A zagaya bayan injin a duba takardar da ke ɗauke da lambar samfuri da lambar siriyal, a gwada su da na jikin kwali da na katin garanti. In ɗaya ta saɓa, ko takardar ta yi kama da wadda aka ɓamɓare aka sake liƙawa, a bar shi ko da an rage rabin kuɗi. Rasit ma a sa mai shago ya rubuta lambar siriyal a kai da hannunsa, ya buga hatimi. Mai shagon da ya ce, Alhaji ai mun saba, ba sai an rubuta ba, shi ne gobe zai ce ba a wurinsa ka saya ba.

Sai ƙaryar kilo. Kilon da ake rubutawa na busassun kaya ne, kuma ana samun injin kilo 7 da aka manna wa 10. Ka dubi faɗin baho da zurfinsa kusa da wani na gaske, ka dubi wat ɗin da aka rubuta. Injin da ke ikirarin kilo 10 da moton da bai kai na mai kilo 6 ba, akwai magana. Haka batun koyil: kowa zai ce maka jan ƙarfe ne zalla, alhali akwai wayar alminiyam da ake shafa wa fenti mai launin jan ƙarfe, sai an kankare bakinta ake ganin fari. A shago ba za a bar ka ka kankare ba, amma moton jan ƙarfe ya fi nauyi, don haka ka ɗaga injin biyu masu girma ɗaya ka ji. Alminiyam na aiki, sai dai a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Kebbi ke haura digiri 40, shi ke fara sarewa, kuma ba a sayensa da kuɗin jan ƙarfe.

Akwai kuma tsohon da aka wanke aka mayar kwali. Alamarsa kan kusoshin murfin baya da suka sha sukudireba, warin sabon banish daga moto, gurbin tsohuwar kumfa a ƙarƙashin faifai, da roba mai ɗan rawaya. Na hannu da ake kira Beljiyam a duba ƙarfin wutarsa da kyau: wutar Najeriya bolt 230 ce, na Amurka 120, na Japan 100, kuma wanda aka jona kai tsaye ya tafi. Garantin shekara 10 da ake mannawa a gaban wasu manyan injina na moto ne kawai, bai shafi fanel ba, a karanta katin kafin a yi murna.

Kada a biya sai an gwada a gabanka. A zuba bokiti biyu, a murɗa taima, ka ga faifai ya juya dama da hagu da ƙarfi iri ɗaya. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. A kunna bahon matsa a ɗaga murfi, dole birki ya kama ya tsaya cikin 'yan daƙiƙu, domin a gidan da ke da yara wannan birkin ne ke tsakanin hannun yaro da karaya. A tambayi murfin ƙasa mai hana ɓera shiga, in babu a sa raga. A gida kuma a ajiye shi a inuwa kan daɓe mai daidai, a jona shi a soket mai wayar ƙasa, a rufe shi da ƙyalle lokacin hunturu saboda ƙura na shiga haƙoran taima ta sa ta tsaya.