Sharhi kan shirin Amanpour na tashar CNN

Shirin Amanpour, wanda tashar CNN ta fara yaɗawa a 2009, na hira ne da shugabanni da jami'an diflomasiyya, kuma ƙimarsa ta rataya ne kacokan a wuyan mai gabatar da shi, Christiane Amanpour. An haife ta a Landan a 1958, ta taso a Tehran, ta kama aiki da CNN a 1983, lokacin da tashar ba ta wuce shekara uku da kafuwa ba, sannan ta yi suna wajen aiko da rahotannin Yaƙin Tekun Fasha da na Bosniya.

Wannan gogewa ce mai kallo yake biya wa kuɗi. Ɗan siyasar da ya saba kewaye-kewaye ba ya samun sakewa a gabanta, domin takan maimaita tambaya har sai ya amsa ko kowa ya ga cewa gudu yake yi. 'Yan Najeriya ba su manta da hirarta da Shugaba Goodluck Jonathan ba a Janairun 2013, inda ya ce jama'a suna jin daɗin yadda wutar lantarki ta inganta, maganar da ta tayar da ƙura a gida. A Satumban 2022 kuma hirarta da Shugaba Ebrahim Raisi na Iran ta wargaje a New York, bayan da ta ƙi amincewa da sharaɗin rufe kanta, a daidai lokacin da ake zanga-zanga a Iran kan mutuwar Mahsa Amini, matashiyar da ta rasu a hannun 'yan sandan ɗa'a na ƙasar.

Sai dai shirin yana da nasa rauni. Amanpour ba ta ɓoye matsayinta, tun daga Bosniya take cewa faɗin gaskiya ya fi zama 'yar ba-ruwanmu, kuma a ganina hakan yakan sa ta katse baƙon da ba ta gamsu da shi ba tun bai kai aya ba. Afirka ma ba ta cika samun gurbi ba sai idan wata masifa ta auku.

Ana kama shirin a DStv, amma wanda kuɗin wata ya yi wa tsada yana iya sauraron muryar shirin ta intanet, kuma tun da hira ce zalla, ba zai rasa abu mai yawa ba. Turancin yana da sauri, saboda haka mai koyo zai ɗan sha wuya da farko.