Haɗa agogon motsa jiki da mataimakin AI: yana da amfani, amma sai an tace bayanan

Agogon hannu mai ƙirga taku da bugun zuciya yana tara lambobi dare da rana, amma galibi manhajarsa ba ta amsa tambaya. Ba za ka ce mata, "Shin barcina na raguwa a ranakun da na yi gudu da yamma?" ta ba ka amsa ba. Aikin da mataimakin ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ake hira da ita tana amsa tambaya, yake yi ke nan, kuma bayan na yi amfani da shi, ra'ayina shi ne ya iya aikin, muddin abin da ka ba shi tatacce ne. In ka juye masa bayanan yadda suka fito, zai ba ka amsa mai daɗin karantawa a kan lissafin da ya karkace.

Hanyar haɗawa biyu ce. Ta farko kai tsaye, idan mataimakin yana da wannan damar: ta manhajar tara bayanan lafiya ta waya, wato Apple Health a iPhone, ko Health Connect a Android, wadda ke cikin wayar tun daga Android 14. Izini ɗaya-ɗaya ake bayarwa, na taku daban, na barci daban. Ka ba da izinin karantawa kawai, ban da na rubutawa. A Health Connect, manhaja tana ganin kwana 30 ne kafin ranar da ka fara ba ta izini, sai ka ƙara mata izinin tsofaffin bayanai, in ba haka ba tambayar wata shida za ta sami amsar wata ɗaya. Hanya ta biyu ita ce fitar da fayil ka ɗora masa da kanka. Apple Health tana ba da fayil mai suna export.xml a dunƙule cikin zip, na agogon Fitbit ta shafin sauke bayanai na Google Takeout ake samu, Garmin Connect, manhajar agogon Garmin, kuma tana ba da fayil nau'in FIT ko CSV. Na fi son ta biyun duk da wahalarta, domin kana ganin abin da ke fita daga hannunka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ninka taku. Waya a aljihu tana ƙirgawa, agogo ma yana ƙirgawa. Manhajar lafiya tana cire maimaicin kafin ta nuna maka, amma ɗanyen fayil yana ɗauke da duka biyun. A ce agogo ya rubuta 8,000, waya 6,500. Mataimakin zai tara su ya yaba maka da taku 14,500. Kowane layi yana da sunan na'urar da ta rubuta shi, don haka ka umarce shi ya ɗauki na agogo kaɗai, sannan ka gwada kwana uku da abin da manhajar ke nunawa. In ba su yi daidai ba, kada ka ci gaba.

Sai girman fayil. Agogon da ke auna bugu duk minti 5 yana rubuta layi 288 a rana, sama da 100,000 a shekara. Mataimakin ba zai iya riƙe wannan duka a hira ɗaya ba, kuma ba kullum yake faɗa maka wani ɓangare kawai ya karanta ba. Maganin shi ne ka sa ya rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python ya yi lissafin da shi, ya faɗi layi nawa ya karanta, ya mayar da komai jadawali mai layi ɗaya ga kowace rana: kwanan wata, taku, bugun zuciya lokacin hutu, awannin barci, mintunan motsa jiki. Layi 90 ya ishe ka wata uku. Ranar da agogo ke kan caji a bar ta babu komai, kada a sa sifili, don sifili yana jan matsakaici ƙasa. Barcin da ya tsallake sha biyun dare kuma a lissafa shi ga ranar farkawa, kada a raba shi biyu.

Da irin wannan jadawalin ne yake nuna gwanintarsa. Yana kwatanta mako da mako, ya gano bugun hutu da ke hawa a hankali, ya bayyana shi da magana mai sauƙi. Amma ba kowace lamba ce abar dogaro ba. A binciken Jami'ar Stanford na 2017 a kan na'urorin hannu bakwai, shida sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma a kalori wadda ta fi kowacce daidaito ta kauce da kashi 27. Kada ka yarda ya tsara maka abin da za ka ci a kan kalorin agogo. Haka ma HRV, wato bambancin tazara tsakanin bugu da bugu: Apple Watch da ma'aunin SDNN yake lissafi, Fitbit da zoben Oura da wani ma'auni daban, RMSSD, saboda haka wanda ya canza na'ura bai kamata ya jera lambobin a layi ɗaya ba. In kuwa bugun hutu ya zauna sama da 100, ko ana jin ciwon ƙirji, wannan maganar likita ce, ba ta hira da manhaja ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sirri. Fayil ɗin yana ɗauke da ranar haihuwa da taswirar hanyoyin da ka bi, kuma hanyar gudu daga ƙofar gida take farawa. A 2018 taswirar Strava, manhajar masu gudu da tuƙa keke, ta fallasa wuraren sansanonin soja ta irin wannan bayanin. Kafin ka ɗora komai, ka cire fayilolin GPX masu ɗauke da taswirar hanyoyin, ka kashe zaɓin horar da manhajar da hirarka, in ka gama kuma ka koma saitin wayar ka janye izinin.