Firgita daban, tsoro daban: sharhi daga Jidda kan sabbin finafinan ban tsoro

Tun da aka sake buɗe gidajen silima a nan Saudiyya a watan Afrilun 2018, bayan shekara 35 suna garƙame, da wuya wata ya wuce ba ka ga fim ɗin ban tsoro a jerin abin da silimomin VOX ko Muvi ke haskawa ba. Matasanmu na Jidda, da na Makka masu gangarowa daren Alhamis, tambayarsu ɗaya ce a istiraha (wuraren shaƙatawa) da zaurukan WhatsApp: wanne ne ya ci kuɗinsa? Amsata ita ce kaɗan ne ƙwarai. Yawancin abin da aka fitar daga 2023 zuwa 2025 firgita mutum yake yi, ba ya ba shi tsoro, kuma Bahaushe ya san waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne. Ko ƙyaure iska ta buga, za ka zabura, wannan firgita ce, kafin ka haɗiye yawu ta wuce. Tsoro shi ne wanda ke rako ka gida, ya tsayar da kai a ƙofar banɗaki kana laluben addu'ar shiga.

Firgita tana da sauƙin haɗawa, shi ya sa ta cika kasuwa. Ana janye kiɗa gaba ɗaya na sakan goma ko ashirin. Kyamara ta bi bayan jaruma, a bar rabin allo wayam: ƙofa a buɗe, ko madubi, ko lungu mai duhu, don idonka ya tafi can ya yi gadi. Sai a yi ta ƙarya, kyanwa ta diro ko ɗan'uwanta ya dafa mata kafaɗa. Da ka saki numfashi, sakan biyu ko uku, sai a kwaɗa ƙara mai kaifi tare da fuska daga ɓangaren da ba ka tsare ba. Ƙarar ce ke aikin, ba fuskar ba. Gwajin da nake ba kowa shi ne ya nemi tallar fim ɗin, ya kashe sauti ya kalla. In babu abin da ya taɓa zuciyarka, to fim ɗin amo ne kawai, ka riƙe riyalolinka.

The Conjuring: Last Rites na watan Satumban 2025 ya faɗi wannan gwaji. Minti 135 ne, kuma sai an ci fiye da rabinsa kafin ma'auratan nan biyu masu binciken aljanu su sa ƙafa a gidan da ake ta'asar, wani gida a jihar Pensilbaniya a 1986. Kafin nan ana ta kai da komo tsakanin ciwon zuciyar maigida da neman auren 'yarsu. Patrick Wilson da Vera Farmiga, da suka fito a matsayin ma'auratan, sun iya wasa, babu musu, kuma wanda ya bi jerin tun na 2013 zai ji daɗin sallamar da aka yi masa. Amma tsoron madubi ne da 'yar tsana da ɗakin ƙasa, kayan da aka sha juyawa har sun koɗe. The Nun II na 2023, wanda darakta ɗaya ne ya yi shi da Last Rites, Michael Chaves, yana da fitowa guda mai kyau, inda shafukan mujallu a rumfar mai jarida ke buɗe kansu har su haɗa siffar aljanar. Minti biyu ne cikin fim na kusan awa biyu. The Exorcist: Believer ya fi su rauni. Kamfanin Universal ya zuba dala miliyan 400 don ya mallaki sunan, sai aka tara mabiya aƙidu daban-daban a ɗaki guda suna cire aljani, kowa na jan nasa. Wanda ya taɓa ganin malami ya zauna yana ruƙiyya da yaƙini, ba zai ɗauki wannan taron da muhimmanci ba.

Wanda na fi ba wa maki shi ne Weapons na Zach Cregger, 2025, minti 128. Yara 17 'yan aji ɗaya suka tashi da ƙarfe 2:17 na dare, kowa ya buɗe ƙofar gidansu, suka sheƙa cikin duhu hannuwa a baje, ba a sake ganinsu ba. Yaro ɗaya tak ya rage a ajin. Ba'amurke zai ga wannan a matsayin sabon abu. Mu kuwa muna da sunansa tun kaka da kakanni: kiranye, ko kurciya, asirin da ke fitar da mutum daga gidansu ba da hankalinsa ba. Shi ya sa fim ɗin ke kama Bahaushe ta wata jijiya dabam. Wanda bai so a ɓata masa labari ba ya tsallake zuwa sakin layi na gaba: mai aikin tsohuwa ce da ta shigo gida da sunan 'yar'uwa marar lafiya, tana amfani da gashin mutum, da wani abu nasa na sawa ko na amfani, da reshen ƙaya, da jininta. Duk wanda kakarsa ta taɓa hana shi yar da gashin aski a fili ya san inda aka dosa.

Abin da ya sa ya yi aiki shi ne tsarinsa. An raba labarin gida shida, kowane kashi da idon mutum ɗaya: malamar ajin da gari ya ɗora wa laifi, uban da ya rasa ɗansa, ɗan sanda, wani ɗan shaye-shaye, shugaban makaranta, sai yaron da ya rage. Kowane kashi yana tsayawa daidai inda ka fi son a ci gaba, na gaba kuma ya koma baya ya nuna maka abin da ba ka gani ba. Ga kuma haƙurin kyamara. Akwai inda malamar ta yi barci a mota a gaban wani gida, ƙofar gidan ta buɗe, wata mata ta fito tana tafiya kamar an ɗaure mata gaɓoɓi, riƙe da almakashi, ta wuce ta gefen motar. Babu kiɗa, babu ƙara, sai kawai ka ji an buɗe ƙofar baya. Ko an kashe sauti wannan wurin zai tayar maka da tsigar jiki. Aibinsa biyu. Kashin ɗan sandan ya yi tsawo kuma akwai shaye-shaye da alfasha a ciki, sannan minti goma na ƙarshe sun juye zuwa gudu da jini har mutane na dariya, wanda wasu za su ga ya zubar da kwarjinin da aka tara. Ni ina ganin an biya bashin da aka ɗauka. Ba na yara ba ne ko kusa.

Na biyu a wurina Talk to Me ne, na tagwayen Ostareliya Danny da Michael Philippou, wanda ya fita kasuwa a 2023. Minti 95, an yi shi da kimanin dala miliyan huɗu da rabi, ya fi masu ɗaruruwan miliyoyi hankali. Matasa sun samu wani busasshen hannu. A kunna kyandir, ka riƙe hannun, ka gayyaci abin da ke ciki ya shige ka, abokai na ɗauka da waya suna shewa. Doka ɗaya ce: kada a wuce sakan 90. Fim mai kyau kan kafa doka ya tsaya a kanta, don mai kallo ya san lokacin da aka taka ta, kuma a nan da aka bar wani ƙaramin yaro ya zarce, kai da kanka kake ƙirga sakan ɗin. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda abin ke zuwar wa jarumar da kamannin mahaifiyarta da ta rasu, da muryarta, da lallashinta, yana tura ta ga ɓarna. Wannan ya dace da abin da muka sani, cewa mamaci ba ya dawowa, kuma mai zuwa da siffarsa maƙaryaci ne. A sani akwai wurin da yaron ke buga kansa da teburi wanda ba kowa zai iya kallo ba, da wata fitowa da kare marar daɗin gani.

Masu son na Indiya, kuma mun san ba kaɗan ba ne a cikinmu, su nemi Shaitaan na 2024. Baƙo ya ba wata budurwa alawa a wurin cin abinci na kan hanya, daga baya ya biyo iyalin gidan gonarsu da sunan zai yi cajin waya, daga nan duk abin da ya ce sai ta yi, a gaban iyayenta. R. Madhavan ya riƙe wannan matsayi da murmushi da sanyin murya, abin da ya fi kowace ƙara tayar da hankali. Awa ɗaya da rabi na farko a gida ɗaya ake, kuma nan ne ƙarfinsa. Da aka fita zuwa wani kango mai wuta da taron 'yan mata don Ajay Devgn ya nuna jarumta, sai fim ɗin ya zama na kowa da kowa.

A Quiet Place: Day One, 2024, minti 99, shi ne wanda zan iya cewa babban yaya ya kalla da ƙannensa da suka tasa. Jini kaɗan ne, babu batsa. Lupita Nyong'o ce ke ɗauke da shi, mai ciwon ajali tana ratsa birnin New York da kyanwarta yayin da dodanni masu farauta da ji suka sauka. An nuna dodannin fiye da kima, kuma ba a faɗi komai sabo game da asalinsu ba, amma aikin sautinsa na gwanaye ne.

Na gida kuwa, a yi hattara da talla. Hawjan, wanda ya buɗe bikin finafinai na Bahar Maliya a nan Jidda a ƙarshen 2023, labarin aljani ne da ya kamu da son 'yar Adam. Soyayya ce da tatsuniya, wanda ya shiga neman tsoro zai fito da ƙorafi. The Cello na 2023 ya samu kuɗi, ya samu Jeremy Irons, ya samu daraktan da ya yi kashi na biyu, na uku da na huɗu na jerin finafinan tsoro na Saw, amma labarin kayan kiɗan da aka la'anta yana tafiya kamar an ɗaura masa dutse. Wanda ya fi su kama zuciya Naga ne na Meshal Aljaser a Netflix, duk da babu aljani ko ɗaya a ciki: budurwa ta maƙale a sahara, dole ta koma kafin lokacin da mahaifinta ya yanka mata, ga raƙuma mai ramuwar gayya a bayanta. Wanda ya san zafin zuciyar raƙumi zai yarda da kowane taku. Kyamararsa ba ta zama wuri ɗaya, mai saurin jiri ya sani.

Akwai rukunin da nake jan kunne a kai, wato jerin Dabbe da Siccin na Turkiyya da takwarorinsu na Indunusiya. Sun fi kowa tsorata Musulmi, don gidajen irin namu ne, ana sallama, ana kiran sallah, ana jan ayoyi. Amma nan ɗin ne matsalar. Ana sa Alƙur'ani ya zama kiɗan bango, ana zayyana aikin boka dalla-dalla, sau da yawa kuma a ƙare da nuna karatu bai yi tasiri ba. Mai waswasi, ko wanda ya taɓa fama da shafar aljanu, ko mace mai juna biyu da ke kwana ita kaɗai, bai kamata su kusance su ba. Su Evil Dead Rise da Terrifier 3 kuwa ƙyama suke sayarwa, jini ne da yanka, wanda zuciya ke tashi a kansa ba ta tsorata ba.

Ko fim mai kyau yana lalacewa in an kalle shi ba daidai ba. A silima, nemi kujerar tsakiya, kimanin kashi biyu cikin uku daga allo zuwa baya, don nan ne ake daidaita sautin ɗakin. Tafi da abin rufa, mukayyif ɗinsu, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya wasa. Duba alamar shekaru kafin ka yanki tikiti: R15 da R18 ba a barin wanda bai kai ba ko da yana tare da babba, kuma ana iya neman iƙama (katin izinin zama) ko katin shaida a ƙofa, don haka kada a ɗebo ƙanne a dawo da su suna kuka. Haskawar farkon mako ta fi ta daren Alhamis da Juma'a, domin fim irin A Quiet Place shiru ne jarinsa, mutum ɗaya mai hira a waya ya isa ya rusa shi. Wanda ya zaɓi haskawar bayan sha biyun dare ya lissafa da Asuba.

A gida, kada ka kalla da lasifikar waya. Kunnen ɗan Adam yana fara ji daga wajen haz 20 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma masu haɗa waɗannan finafinai suna shimfiɗa wani gurnani can ƙasa wanda ƙirji ke ji kafin kunne ya gane. Lasifikar waya ba ta iya fitar da shi sam, sai ka sa abin kunne mai rufe kunnuwa. Ka guji kwafin da aka matse ya koma megabayit 300, domin wurin duhu ne matsewa ke fara cinyewa, sai baƙin ya zama dabbare-dabbare, abin da aka ɓoye a lungu ya ɓace. A talabijin, kashe saitin da ke sulɓe motsi, tunda hoto 24 a sakan aka ɗauki fim ɗin, ka mayar da shi yanayin silima, ka kashe fitilar da ke fuskantar allo. A tuna kuma cewa wanda ke intanet ba lallai ya bi ta hannun masu tacewa ba kamar na silima, don haka Weapons da Talk to Me a kalle su bayan yara sun kwanta, ƙofar ɗakinsu a rufe.