Shagon littattafai a hanyar Bauchi, inda ake tambayar mai karatu abin da ba ya so

A kan hanyar Bauchi a cikin garin Jos, idan mutum ya baro wajen Terminus ya nufi jami'a, akwai wani ƙaramin shagon littattafan hikaya da ke tsakanin shagon tela da na mai kayan shayi. Ana sayar da littafi a wurin, ana kuma ba da haya, kuma yau kusan shekara biyu ke nan ina cikin masu zuwa. Na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin masu karatu irina, waɗanda suke da nau'in labarin da ba sa iya karantawa, ba kasafai suke samun mai sayarwa da zai saurare su ba.

Ranar da na fara shiga, bayan mun gaisa, mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, bai tambaye ni abin da nake nema ba. Cewa ya yi, "Malama, wane irin labari ne ba kya so?" Na yi jim, domin ban taɓa jin mai sana'a ya fara ciniki da irin wannan tambaya ba. Ya bayyana mini cewa idan mutum ya ce masa soyayya yake so, to bai gaya masa komai ba, tunda yawancin abin da ke kan kanta soyayya ce, amma idan ya san abin da mutum yake gudu, ba zai ba shi littafin da zai dawo da shi bai kai rabi ba. Na faɗa masa abubuwa uku, ya buɗe littafin rajistarsa, ya rubuta su da biro a gefen sunana.

Na farko shi ne labarin da aka mayar da zubar da jini abin nishaɗi. Ina yarinya rikicin Jos ya ɓarke ranar Juma'a, 7 ga Satumba 2001, kuma har yau ban manta da warin hayaƙin da ya kwana a cikin tufafinmu ba, da yadda aka tara mu yara a ɗaki guda ana ƙirga mu da sunayenmu duk bayan ɗan lokaci, da shirun da ya sauka a unguwa bayan an sa dokar hana fita. Wanda ya ga haka da idonsa, ya sake gani a 2008 da 2010, ba zai iya jin daɗin shafin da jarumi zai zare takobi ya sare mutum ɗari kafin azahar ba, alhali ba ko ɗaya daga cikinsu da marubucin ya ba shi suna, balle uwa ko 'ya'ya. Littattafan yaƙi da na matsafa suna da kanta guda cike a shagon, samari 'yan makaranta suna rububinsu, kuma ban taɓa jin dattijon ya kushe su ba. Ni dai bai taɓa miƙo mini ko ɗaya ba.

Ba baƙin ciki nake gudu a cikin labari ba, kuma shi ma ya fahimci wannan bambanci tun da wuri. A kantar tsofaffin littattafai yana da waɗanda suka fito daga gasar rubuta labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga su a 1934, kuma daga nan na sake ɗaukar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda rabona da shi tun ina sakandare. Akwai bauta a cikinsa, akwai rabuwar uwa da ɗa, akwai wahalar ƙetare hamada, amma kowace asara tana da nauyinta, kuma mai karatu yana jin cewa mutum ne aka rasa. Irin wannan ina karanta shi ko da zai sa ni hawaye.

Abu na biyu ya fi shafar gidanmu. Ba na karanta labarin da kishiya za ta shigo cikinsa tun daga babin farko a matsayin muguwa, ta tafi wajen boka, ta binne laya a bakin ƙofa, ta zuba magani a miya, sannan a ƙarshe ta haukace a tsakiyar kasuwa. Uwargidan mahaifina ce ta raine ni. Lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya bayan haihuwar ƙanena, Inna ce take tashi da asuba a cikin sanyin Jos, wanda duk mazaunin garin nan ya san yadda yake shiga ƙashi a watan Disamba, ta ɗora ruwan zafi, ta yi mini wanka kafin ta yi wa 'ya'yan cikinta, ta shafa mini man kaɗanya a ƙafa don kada ta tsage. Ita ta kai ni makaranta ranar farko, ita kuma ta zauna kusa da ni ranar da aka kai ni ɗakin miji. Na san kishi gaskiya ne, na kuma san gidajen da ya tarwatsa. Ina girmama marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda tun shekarun 1980 suka fito da maganar auren dole da sakin wulaƙanci fili, a lokacin da ba kowa ne yake son a faɗa ba. Abin da nake ƙi shi ne ragon rubutu, inda marubuci zai ɗauko muguwar kishiya a shirye kamar yadda ake ɗauko bulo, domin ya huta da wahalar gina mutum mai alheri da kuskure. 'Yan mata suna karanta waɗannan littattafai kafin su yi aure, kuma ina tsoron kada wata ta shiga gidan miji da gaba a zuciyarta ga matar da ba ta taɓa yi mata komai ba.

A nan ne na tabbatar da cewa mai shagon yana karanta hajarsa. Wata Asabar ya ɗauko wani littafi mai koren bango daga ƙasan kanta, ya kaɗe ƙurar da hannun rigarsa, ya ce, "Malama, wannan akwai kishiya a ciki, amma mutum ce. Ki gwada, idan bai yi miki ba kada ki biya haya." Na karanta shi cikin kwana uku, na biya, daga baya ma na saye shi na kai wa Inna, jikarta tana karanta mata da dare.

Na uku shi ne batsa, kuma wannan bai buƙaci dogon bayani ba, domin shi ma ba ya ajiye irinsu. Ya ce yawancin masu wannan rubutu yanzu sun koma rukunonin WhatsApp inda ake biyan kuɗi a karanta a waya, kuma iyaye mata sukan zo su tambaye shi kafin su bar 'ya'yansu su ɗauki littafi. Duk da haka ban yarda da ƙona littattafai ba, irin wanda aka yi a Kano a 2007 a ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na A Daidaita Sahu. Ƙin karanta littafi zaɓi ne na mai karatu, kuma mai shagon da ya san abin da ke cikin kowane bango ya fi wuta amfani ga uwar da take son ta kare 'yarta.

Tsarin hayar mai sauƙi ne. Sabon mai zuwa yana ajiye kuɗin jingina sau ɗaya, a rubuta sunansa, sannan ya riƙa ɗaukar littafi na mako guda a kan kuɗin da bai kai na hawa keke daga Terminus zuwa Farin Gada ba. Akwai kuma ɗan sashe na Turanci, mafi yawansa tsofaffin littattafan Pacesetters ne da bangonsu ya koɗe.

Shagon yana da nasa aibu, kuma ba ƙanana ba ne. Wurin ya yi ƙunci, mutum uku idan suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje, kuma babu kujerar da mace za ta zauna ta duba littafi a natse. Da damina, musamman a watan Agusta da ruwan Jos yake kwana yana zuba, danshi yana kama kwalayen da ke ƙasa, har na taɓa ɗaukar littafin da shafukansa suka manne da juna. Babbar matsala ita ce ta littattafan da ake fitarwa kashi-kashi. Sau biyu ina gama na ɗaya da na biyu, in dawo neman na uku a ce wani ya ɗauka tun bara bai dawo da shi ba, kuma duk mai karatu ya san zafin a bar shi a tsakiyar labari. Ya kamata a riƙa gaya wa mutum tun farko cewa littafin bai cika ba. Haka nan idan dattijon ya fita ya bar yaron shago, duk wannan kulawa sai ta tafi tare da shi, domin yaron ba ya duba rajista. Shi ne ya taɓa ba ni wani littafi da shafinsa na goma sha biyu ya buɗe da yanka mutane a wani ƙauye, na rufe shi ban ƙara buɗewa ba. Da na mayar, dattijon ya ba ni haƙuri har sau uku, ya ƙi karɓar kuɗin haya, ya kuma kira yaron a gabana ya nuna masa abin da ke rubuce a gefen sunana.

Saboda haka wanda zai je, ya daidaita zuwansa da lokacin da mai shagon yake nan da kansa, wato da hantsi ko bayan la'asar, ban da ranar Juma'a da yake rufewa tun kafin azahar. Kafin ya ɗauki littafi mai kashi-kashi, ya nemi a ɗora masa dukkan sassan littafin a kan tebur ya gan su da idonsa.